Gurbin Kimba

A shekarar da aka kori baƙi daga Gana, zaman Boukari makaɗi a Kumasi ya rataya ne a kan abu ɗaya tak: Kimba ya riƙe bakinsa. Wanda bai san Kimba ba zai ce ai wannan ba wuya, mutumin da zai wuni a rumfar goro ba ka ji ko tarinsa ba. To, ba ku san shi ba ne. Sai an ɗauko labarin daga tushe.

Kimba Bazabarme ne, daga wani ƙauye a gefen Doso. Ya sauka Kumasi yana saurayi, ba shi da komai sai tabarma da wuya mai ƙarfi, ya shiga dako a babbar kasuwa kamar yadda 'yan ƙasarsu suka saba. Da ya gaji da ɗaukar doyar mutane sai Allah ya haɗa shi da wani Alhaji mai fataucin goro a Zongo, unguwar 'yan arewa. A rumfar Alhajin ya koyi tsince mai tsutsa, ya koyi shimfiɗa ganye, ya koyi ɗaure huhu tamau yadda goro zai isa arewa da ɗanyensa. Nan ya yi gemu, nan ya auri Safiatu 'yar Salaga, mai koko da ƙosai a bakin masallaci, nan kuma furfura ta fara leƙo masa. Ba ya shan taba, ba ya caca, bai san ƙofar gidan giya ba. Abu ɗaya Allah ya jarrabe shi da shi, kiɗan Fitilun Zongo.

Fitilun Zongo wasu samari ne 'yan unguwa da suka haɗa ƙungiyar kiɗa. Amidu ne shugaba, shi ke jita shi ke waƙa, Boukari kuma ke ganga. Shi Boukarin mutumin Gaya ne, can bakin kogin Kwara. Ranar da ya sauka tasha bai san kowa ba, Kimba ne ya ji shi yana tambayar hanya da Zabarmanci, ya ja shi zuwa ɗakinsa. Tare suka ci, tare suka kwana da yunwa. Kimba ne ya tsaya masa a matsayin uba ranar da aka ɗaura masa aure da Rakiatu 'yar unguwar Tafo. Don haka tun ƙungiyar ba ta da riga iri ɗaya, tun suna kiɗa a gidan suna a sallame su da tuwo, Kimba ke ɗaukar gangunan Boukari a ka, ya kai ya dawo da su. Ba a taɓa biyansa ba, da kuwa wani ya gwada da an yi rigima.

Kiɗan nasu kuwa, wayyo Allah! Hailaf ne, kiɗan rawar 'yan Gana, irin na Kumasi, amma an zuba masa daddawar arewa. Amidu yakan sa jitarsa ta yi kuka irin na goge, waƙa ta taso da Hausa, ta ratsa ta Asantanci, ta sauka da Zabarmanci, kowa a Zongo ya ji an taɓo garinsu. Bakandamiyarsu ita ce Motar Goro. A tsakiyarta akwai wani sara da Boukari ke yi: kiɗi-kiɗi-kiɗim, kam! Da ya yi shi sai kowa ya ɗauke hannu, jita ta yi shiru, ƙaho ya yi shiru, wuri ya yi tsit kamar na numfashi guda, sannan a koma. Asali shirun nan ba na kowa ba ne. Wata rana a wani suna a unguwar Aboabo daɗi ya kwashi Kimba, ya buɗe baki a cikin shirun ya kwarara:

"Boukari na Gaya! Bazabarme jikan Bazabarme!"

Mata suka rangaɗa guɗa, Boukari ya kusa yar da sandarsa don dariya. Shi ke nan, daga ranar wurin ya zama nasa, har 'yan unguwa suka sa masa suna gurbin Kimba. In ya makara sai a jinkirta waƙar har ya iso. Safiatu tana ba da labarin ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, ya sulale ya fita lulluɓe da bargo, ya je ya cika gurbinsa ya dawo ya ci gaba da rawar ɗari. Shekara da shekaru ana haka, har abin ya daina biyowa ta kansa. Da kunne ya ji sara, baki ya buɗe.

Farkon 1969 wani mai otal a unguwar Bantama ya sayo kayan kiɗa na lantarki, ya kira Amidu. Ya ce masa samarin yanzu, 'yan kwaleji da ma'aikatan asibiti, rok suke so, irin na faya-fayan Turai, in suna son dandalinsa to su canza hannu. Kafin a ce me, Fitilun Zongo sun zama The Hot Lanterns, sunan da Kimba ya rantse ba zai taɓa fita daga bakinsa ba. Suka tara suma, suka ɗinka wanduna masu share ƙasa. Amidu ya zama Ricky. Boukari, magidanci mai gemu, wai shi ne Bob.

Ranar da suka fara kiɗan a rawar yammar Asabar, Kimba ya je da farar rigarsa ta Juma'a, ya tsaya inda ya saba, dab da ganga. Aka kunna lasifika. Kai! Ya ce ji ya yi kamar an kifa masa tukunya a ka ana dukanta da muciya. Jitar da ke kuka irin na goge ta koma kururuwa, Amidu yana ta ihu da Turancin da ko shi Kimba bai yarda yana jinsa ba. Yara kuwa sai tsalle suke suna girgiza kai. Ya daure, ya ce bari dai a zo Motar Goro. Aka yi ta farko, aka yi ta biyu, rana ta yi sanyi, aka tashi. Ba Motar Goro, ba sara, ba gurbi.

Ya tare Amidu a bayan dandali yana naɗe waya.

"Amidu, me na ji yau?"

"Zamani ka ji, Yaya Kimba."

"Zamani? Wannan ai maƙera ce. Ina waƙarmu?"

"Wa zai yi rawa da ita a nan? Dubi yaran nan fa. Ko uwayensu ba su san Motar Goro ba."

"To ni da na sani fa?"

Amidu ya yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa tsoho. Wannan dariya ita ta fi komai ƙona wa Kimba rai. Boukari yana gefe yana kwance farantin kiɗa daga kan ƙarfensa, bai ɗago kai ba. Duk da haka Kimba ya ɗauki ganguna ya kai gida.

Daga nan mutumin da ba ya magana ya zama ba ya shiru. Duk wanda ya zauna a rumfar goro sai ya sha labarin yadda aka kashe kiɗa a Kumasi. Masu sayen goro suka fara kewaye shi. Alhaji ya ce in ya sake jin sunan Amidu a rumfarsa zai mai da shi dako. Safiatu ta ce, "Maigida, wai kai aka yi wa sata ne? Jitarsu ce, maƙogwaronsu ne." Ya ce ita ba ta gane ba, shekarun da ya yi yana ɗaukar ganga a ka ai ba don a zo a yi masa haushin kare ba ne. Gaskiyar magana, kiɗan bai kai munin da yake faɗa ba, Boukari ma hannunsa ƙara nuna ya yi. Abin da ke cin Kimba shi ne an rufe gurbinsa, ba wanda ya ko yi masa sallama. Ya daina zuwa Bantama. Amma duk Asabar da yamma sai ka gan shi zaune a ƙofar gida, ransa a ɓace, ƙafarsa tana motsi ita kaɗai.

Ana cikin azumi gwamnati ta yi shela a rediyo: duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya tattara ya bar ƙasa. Zongo ta ɗauka wasa ne, har aka fara ganin 'yan sanda suna shiga gida gida. Mutanen da aka haifa a Kumasi, waɗanda ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba, suka wayi gari wai su baƙi ne. Tasha ta cika da katifu da tukwane da kuka. Maƙwabcinka da kuka sha ruwa tare jiya, yau ka ga ƙofarsa da kwaɗo. Kowa ya koma magana ƙasa ƙasa, don ba ka san wanda ke kwaɗayin rumfarka ko ɗakinka ba.

Shi Kimba ya tsira. Alhaji mutum ne mai hanya, ya nema wa ma'aikatansa izini. Boukari kuwa wa zai tsaya wa makaɗi? Ga Rakiatu cikinta ya tsufa, ko Tafo ba ta iya zuwa sai an riƙe ta, balle tafiyar kwana da kwanaki a bayan babbar mota.

Wata rana da hantsi Boukari ya shigo rumfar, ya tsuguna kusa da Kimba kamar mai taya shi tsince goro. Rabon da su zauna haka an daɗe.

"Yaya, magana na zo da ita. Daga yau ni ɗan Gana ne, mutumin Bawku. Bob Yakubu. Haka Amidu ya gaya wa mai otal, haka mai otal ya gaya wa hukuma. 'Yan sandan da ke zuwa rawa ba su san ni da wani suna ba."

"To."

"Duk Kumasi mutum ɗaya ne ke kiran garinmu da ƙarfi a gaban jama'a."

Kimba ya ajiye goron da ke hannunsa. "Ni kake tsoro, Boukari? Ni da na ɗauko ka daga tasha?"

"Ba kai nake tsoro ba, Yaya, bakinka nake tsoro. Na san shi, shekara nawa ina kaɗa masa."

"Ai kun riga kun rufe shi. Ina gurbin da zan yi magana a ciki? Je ka abinka, Bob." Ya ja sunan da gatse. Da ya ga idon Boukari ya kawo ruwa sai ya kama hannunsa ya ce, "Wallahi tallahi, sunan Gaya ba zai fita bakina ba har abin nan ya wuce. Ka gaida Rakiatu."

Aka yi ƙaramar salla ba kiɗa ba guɗa, abin da Zongo ba ta taɓa gani ba. Sai da sabuwar shekara ta kama mai otal ya ce zaman makoki ya isa, za a yi rawar yamma. Matsalar ita ce masu turin kura da ke kai wa su Amidu kaya duk an kwashe su, 'yan ƙasar su Kimba ne. Labari ya iso rumfar goro cewa Boukari yana neman wanda zai taya shi ɗaukar ganguna ya rasa.

Kimba ya shiga gida yana neman gammonsa. Safiatu tana wanke ƙwaryar koko, ta bi shi da ido.

"Ina zuwa?"

"In kai masa kaya in juyo. Ko zama ba zan yi ba."

"Maigida, don girman Allah ka zauna. 'Yan sanda sun fi 'yan rawa yawa a wuraren nan yanzu."

"Haba Safiatu! Kiɗan da ko kare ba zai tsaya ji ba, shi zai sa ni magana? Ai ko roƙona suka yi ba za su ji muryata ba."

Ta ga ba zai hanu ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wani ƙaton farin goro, ta danƙa masa. "To sa wannan a kumatu. Kada ka tauna, kada ka cire, sai ka dawo gidan nan." Ya yi dariya, amma ya sa.

Ya kai kayan lafiya, ya taya Boukari kafa su. Ya juya zai fita ke nan sai ga motar 'yan sanda ta tsaya a bakin ƙofa. Wani sajan ya sauko, dogo mai tsage a kumatu, wanda aka saba gani a wurin duk Asabar, tare da wani sabon sufeto matashi da aka turo daga Ankara, babban birnin ƙasar. Aka kawo musu kujeru gaba. Sauran suka tsaya a ƙofa suna duban duk mai shiga. Kimba ya lissafa, ɗan arewa da gammo a hannu yana sauri zai fita daidai lokacin da hukuma ta iso, ai tambaya zai jawo, tambaya kuma za ta koma kan wanda ya kawo wa kaya. Sai ya sulale can baya, ya jingina da bango kusa da wata bishiyar mangwaro, goro a kumatu.

Aka fara. Lasifika ta ɗauki kururuwa, yara suka cika fili. Kimba ya duba, bai ga fuskar da ya sani ba sai ɗaiɗai, wasu tsofaffin 'yan Zongo da suka rage, su ma a raɓe. Ina masu dakon da ke cika bayan fili? Ina mahautan Aboabo da matansu masu guɗa? Duk suna kan hanya ko sun isa inda ba su sani ba, ga Amidu kuma yana tsalle yana ihu da Turanci kamar ba abin da ya faru. Baƙin ciki ya kama shi. Bai san lokacin da ya fara tauna goron ba, bai san lokacin da ya haɗiye shi ba. Hawaye kawai ya ji suna bin gemunsa, ya bar su.

Boukari yana hango shi daga kan dandali. Ya ga mutumin da ya ba shi rabin tabarmarsa tsaye shi kaɗai a jikin bango yana kuka, abin ya taɓa shi. A irin sabon kiɗan akwai inda ake sakar wa mai ganga fili ya nuna hannunsa shi kaɗai, sauran suna bin sa a hankali. Da aka zo wurin, Boukari ya yi ta zuba, yara suna tafi, sai ya ce a ransa bari ya ɗan saka wa Yaya wani abu a ciki, abin da ba wanda zai gane sai su biyu, ko ya yi murmushi. Ai ya rantse, kuma ba waƙar ake yi ba.

Kiɗi-kiɗi-kiɗim, kam!

Abin da Boukari ya manta shi ne ba bakin Kimba kaɗai aka horar ba. Hannun Amidu ya ɗauke daga jita da kansa. Mai ƙaho ya sauke ƙaho. Mai babbar jita ya dafe wayoyinsa. Shekarun da suka yi suna tsayawa a wannan sara sun fi ƙarfin wando mai share ƙasa. Wuri ya yi tsit.

"Boukari na Gaya! Bazabarme jikan Bazabarme!"

Muryar ta fito daga gindin mangwaro, cikakkiya, ta daki bangon otal ta dawo. Wallahi bai taɓa yin ta da daɗi kamar ranar ba. Wata tsohuwa ta fara guɗa, ta katse a tsakiya. Kimba ya ji daɗi ya ratsa shi tun daga ƙafa har ka, daɗin da ya yi shekara yana nema, kafin hankalinsa ya iso ya gaya masa abin da ya yi. Ya kai hannu ya toshe bakinsa. Ina! Ta riga ta fita.

Amidu ya daki jita da ƙarfi don ya rufe, sauran suka bi shi a hargitse. Boukari ya ci gaba da kaɗawa, kansa a sunkuye, hannuwansa suna aiki su kaɗai. Sufeto ya waiwaya ya dubi mangwaro, ya dubi mai ganga, ya ga yadda tsofaffin nan suka daskare. Ba ya jin Hausa, amma ba makaho ba ne. Ya karkata wajen sajan yana tambaya. Sajan ya yi kamar bai ji ba. Ya sake tambaya. Kimba yana kallon bakin sajan daga nesa, yana addu'ar duk da ta zo masa. Sajan ya daɗe yana duban takalminsa, sannan ya yi magana.

Suka bari aka gama waƙar. Sufeto ya ɗaga hannu, aka kashe lasifika.

Kimba ya kutsa cikin yara ya iso gaba, yana haɗa Asantanci da Hausa da ɗan Turancin kasuwa. "Ranka ya daɗe, waƙa ce! Tsohuwar waƙa ce, haka ake faɗa, ba shi ake nufi ba. Ni mahaukaci ne, tambayi kowa. Wannan Bob ne, mutumin Bawku!"

Sufeto ya ce to madalla, abin ya zo da sauƙi, ai sajan ma mutumin Bawku ne. Ya umarce shi ya gaida mai ganga da harshen garinsu.

Sajan ya tako a hankali. Ya yi gaisuwar a taƙaice, da murya ƙasa, irin wadda ko yaro zai amsa. Boukari ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi Kimba. Sannan ya jera sandunansa a kan ganga, ya miƙe, ya ce da Hausa, "Mu je."

"Ku tafi da ni!" in ji Kimba. "Ni ma Bazabarme ne, ni na faɗa, ni za ku kama!" Aka duba izininsa, aka ga lafiya lau, aka tura shi gefe. Da za su fita sajan ya ɗan ja baya, ya matso kusa da shi kamar mai gyara hula.

"Baba, tun ranar da aka ce min ɗan Bawku ne na san ƙarya ce. Ina zuwa nan duk sati ina jin kiɗansa, ban taɓa gaishe shi ba don kada ya kasa amsawa. Me ya kai ka?"

Kimba ya koma dandali. Ya ɗauki gangunan ya kai gidan Boukari, don ba wanda zai ɗauka. Rakiatu ta ga ganguna ba ta ga mai su ba, ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Bai ɓoye mata ba, ya faɗi yadda aka yi. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi. Safiatu kuwa da ya shigo ta dubi kumatunsa kawai, ta juya ta ci gaba da tankaɗe.

Kimba ya yi ta zarya. Ya durƙusa wa Alhaji, Alhaji ya ce wanda ya riga ya shiga hannu sai Allah. Ya je wurin mai unguwa, ya tarar da layin masu irin kukansa har waje. Amidu ya haɗu da shi a hanya, ya ɗauke kai, daga baya ya dawo ya ce, "Ni ma na tsaya, Yaya Kimba. Da ban ɗauke hannu ba da ba a ji ka ba." Wannan bai rage masa komai ba.

Ranar da za a tafi da su, da safe, Kimba ya je inda ake lodi. Babbar mota ce mai bodin katako, irin dai wadda yake cika wa huhun goro, an cusa mutane a ciki a tsaye. Rakiatu ba ta iya zuwa ba, uwarta ta hana. Ya kewaya har ya hango Boukari a jikin katako, an aske masa sumar, ya koma Boukarinsa na da. Ya miƙa masa ƙullin goro da gurasa ta tsakanin katakai.

"Ƙanena, ka yafe mini."

"Ni na kaɗa, Yaya. Kai amsawa ka yi." Ya yi ɗan murmushi. "In ta sauka, kai za ka yi wa yaron huɗuba. Kada ka bari Amidu ya sa masa sunan Turawa."

Direba ya tayar da mota. Boukari ya fito da hannuwansa ta saman katakon, ya gyara tsayuwa, ya daki bodin da tafinsa.

Kiɗi-kiɗi-kiɗim, kam!

Mutanen cikin motar, 'yan Zongo ne, da yawansu sun yi rawa da Motar Goro a bikinsu. Suka yi tsit, suka juyo suna duban Kimba.

"Faɗi mana, Yaya," in ji Boukari. "Yanzu ai ba abin ɓoyewa. Can za ni."

Kimba ya buɗe baki. Ba abin da ya fito. Boukari ya sake kaɗawa, motar ta fara mirginawa, ya kuma sakewa da ƙarfi, yana barin gurbin a buɗe kamar yadda ya saba. Kimba yana bin motar da sassarfa, baki a buɗe, har ta hau titin Tafo ta ƙara wuta. Yana jin saran yana nisa, kowane ɗaya da shirunsa a baya, har ƙarar kasuwa ta rufe shi.

Rakiatu ta haifi namiji, Kimba ya yi masa huɗuba da sunan ubansa Boukari, a kunne, da raɗa. Su Amidu suka samu wani mai ganga suka koma Ankara, ba a ƙara jin Motar Goro a Kumasi ba. Kimba ya ci gaba da ɗaurin goro a rumfar Alhaji har ƙarfinsa ya ƙare, ba wanda ya sake jin ya kushe kiɗan kowa. Safiatu ta ce tun daga ranar ko ita zai kira daga tsakar gida ba ya ɗaga murya, sai ya taso ya zo inda take.